Rabo Mai Karkiya da Karen Malam Gidiyon

A Ɗantutture ta ƙasar Kurfi, in ka ce kana neman Rabo, sai an tambaye ka wanne, don masu sunan sun isa a yi gayya da su. Amma in ka ce Rabo mai karkiya, ko akuya ka tambaya za ta nuna maka gidan da haɓa.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ƙafafunsa a buɗe kamar a kan kunyar gona aka haife shi. Tun yana ƙarami ubansa ya ba da shi kiwo a wata ruga wajen Kuki. Ya dawo da abu biyu: tabon ƙaho a goshi, da imanin cewa duk mai ƙafa huɗu yana da hankali, masu ƙafa biyu ne abin dubawa.

Sana'arsa horon shanun huɗa. Ka kawo masa ɗan bijimin da ya gagari gari, wanda ya fasa danga ya kori surukarka, Rabo ba zai ɗaga masa ko tsinke ba. Haɗa shi kawai yake yi a karkiya ɗaya da wani tsohon sansa mai suna Alƙali. An sa masa Alƙali ne saboda bai taɓa sauri ba, kuma ba a ɗaukaka ƙara a gabansa. Sabon shiga ya yi tsalle, ya ja gaba, ya ja baya, ya kwanta, Alƙali yana nan yana tafiyarsa yana tuƙa. In rashin kunyar ta yi yawa, sai ya yi wani huci guda ɗaya mai tayar da ƙura, ɗan bijimi ya shiga taitayinsa.

"Sa bai jin bulala," in ji Rabo. "Ɗan'uwanshi yake ji."

Aibinsa ɗaya, bakinsa ya fi gonarsa faɗi. A gindin bishiyar da ake hira, ba a taɓa tashi bai ce, "Ku kawo mani kura in sa ta huɗar gyaɗa," ba. Da yake babu mai kura, maganar ta daɗe ba ta ci shi ba.

Amininsa Malam Gidiyon ne, malamin gona, mutumin kudancin Zariya, wanda aka turo Dutsin-Ma shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Ya zo Ɗantutture a kan babur don ya koya wa mutane tazarar shuka, suka yi musu da Rabo tun hantsi har inuwa ta juya, daga nan kuma ba su sake rabuwa ba. Da Kirsimeti matar Gidiyon, Zipporah, tana aiko da shinkafa. Da babbar Sallah matar Rabo, Turai, tana aika cinya guda.

To, Gidiyon yana da kare, sunansa Kofur. Ja ne, dogo, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance kamar hular ɗan tasha. Gidiyon bai haɗa shi da komai ba, kuma yana da dalili. Lokacin da 'yarsa Veronica take rarrafe, kububuwa ta fito daga cikin itacen girki ta nufi tabarmarta, Kofur ne ya tare macijiyar ya karya mata baya. Tun ranar, in Gidiyon ya ci nama, Kofur ya ci ƙashi tun da ɗuminsa.

Sai dai Kofur bai san abin da ake kira tafiya ba. Gudu ya sani da barci. In aka sa masa igiya, a ganinsa an ɗaura masa mutum ne don ya kai shi wani wuri da gaggawa. Mutanen Dutsin-Ma sun saba ganin malamin gona ya wuce a guje, hannu a miƙe, takalmi ɗaya a ƙafa, yana gaisuwa ba ya jiran amsa.

"Malam, ina zuwa?"

"Ku tambaye shi," in ji Gidiyon, ya ɓace a kwana.

A shekarun da ake aikin madatsar Zobe ne abin ya wuce wasa. Wata ranar kasuwa, a farkon damina, Gidiyon ya ce bari ya ratsa da Kofur ta gefen kasuwar Dutsin-Ma. Iska ta kwaso ƙanshin rumfar mahauta ta zuba wa Kofur a hanci. Abin da ya biyo baya, kowa da yadda yake ba da shi, amma an haɗu a kan abu uku. Sun bi ta tsakiyar ƙoren nonon Hasana, Bafulatanar da ke zama a gindin tsamiya. Kofur ya sauke cinyar rago daga teburin Mahmuda mahauci. Sannan igiyar ta harɗe ƙafar mai unguwa Ilu, ya zauna daɓas a cikin nonon da ya malale, da babbar rigarsa ta shuɗi wadda ya karɓo daga wajen bugu a safiyar nan.

Da yamma aka kira Gidiyon zauren mai unguwa.

"Malam," in ji mai unguwa, "kai baƙonmu ne, kuma takin zamani ta hannunka yake fitowa, shi ya sa nake maka magana a hankali. Karen nan ya isa. Na ba ka zuwa a gama huɗa. Ranar kasuwar da ta biyo baya, ka taso da shi daga gindin tsamiya har rumfar mahauta, ina kallo, igiya a sake. In ta miƙe ko sau ɗaya, Sa'idu zai kai shi bayan dutse."

Sa'idu maharbi yana zaune a bakin ƙofa, bindigarsa a kan cinya. Ya dubi Gidiyon da tausayi, irin na mai aski in ya ga ƙeya.

Gidiyon ya gwada tsawa, ya gwada lallashi, ya gwada sarƙa. Sarƙar ma ita ta fi saurin kai shi ƙasa. Da ya ga kwana na tafiya, sai ya sa Kofur a bayan akori-kura, ya rungume shi kamar buhun iri, suka nufi Ɗantutture.

Ya iske Rabo a gindin bishiya, majalisa ta cika. Ya zayyana masa komai.

"Kare?" in ji Rabo. Ya ja ƙafarsa ya tattare riga. "Malam, ni fa mai salla ne."

"Kai ka ce a kawo maka kura," in ji wani tsoho daga gefe.

"Na ce kura. Wanga kura ce?"

"Ƙanenta ne. Fara da shi, in ka gama mu nemo yayar."

Aka bushe da dariya. Gidiyon bai yi ba. Ya durƙusa yana shafa kan karen, ya ce, "Sarkin noma, Veronica ba ta san maganar bayan dutse ba. Na ce mata makaranta zan kai shi."

Rabo ya dubi amininsa, ya dubi Kofur, wanda ya riga ya naɗe ƙafafun mutum biyu da igiya yana neman na uku.

"Tau," ya ce. "Makarantar ce. Bar shi."

Turai ta tare Rabo da karen a bakin ƙofa da muciya a hannu.

"Malam, mi nake gani?"

"Ɗalibi ne."

"Ɗalibin ya tsaya a waje. Kwanon da ya lasa sau bakwai ake wanke shi, ni kau ba ni da bayan ɗibar ruwan."

Aka yi sulhu. Kofur zai kwana a turken shanu, ya ci a wata fasasshiyar sakaina. Rabo ya ware tsohuwar riga ta aikin kare, ya rataye ta salla a ƙusa, in an kira ya canza.

Matsalar ita ce lokacin huɗa ne, ga gonarsa ga ta mutane, ba shi da sararin buɗe aji na musamman. Don haka ya yi abin da ya iya. Da safe ya ɗaura shanu a garma, ya ɗaure igiyar Kofur a bakin karkiya ta gefen Alƙali, ya kaɗa harshe, aka tashi.

Kofur ya ga fili, ya zuba a guje. Igiya ta ƙare, ya yi adungure. Ya tashi ya ja har idanunsa suka firfito, harshe ya zazzago. Alƙali bai ma san an ɗaura masa wani abu ba. Kofur ya ce to ba zai je ba, ya zauna. Aka ja shi a kan gindi tun daga wannan shinge har wancan, ya bar wata 'yar kunya tasa a gefen ta garma. Kurege ya gilma, ya daka tsalle yana haushi. Nan ne Alƙali ya juyo da kai ya yi hucin nan nasa. Ƙura ta rufe fuskar Kofur. Ya yi atishawa, ya sunkuyar da kai, ya bi layi.

Ba rana ɗaya abin ya zauna ba. Akwai safiyar da ya tauna igiyar, akwai wadda ya shige tsakanin ƙafafun shanu ya sha ƙasa. Amma a hankali ya gane abin da 'yan bijimai suke ganewa, cewa ja ba ya ƙara tafiya, wuya kawai yake ci. Kafin gero ya kai gwiwa, masu wucewa suna tsayawa a bakin hanya su ga shanu biyu da kare ɗaya suna tafe kafaɗa da kafaɗa, igiya na lilo. A ƙarshen kunya su juya tare, su matsa taki ɗaya, su kamo ta gaba. Har Turai aka kama tana zuba romo a sakaina, ta ce zubarwa za ta yi, hannunta ne ya kuskure.

Da Gidiyon ya zo duba ɗalibi, Rabo ya miƙa masa igiyar a nan cikin gona.

"Kai ne Alƙali yanzu. Tsaya ta nan. Kada ka yi tafiyar ma'aikata, yi ta wanda ya ƙoshi. Ungo goro, ka riƙa tuƙa."

Gidiyon ya jefa goro a baki, Rabo ya kaɗa harshe daga baya. Suka tafi har shinge, suka juyo, suka sake komawa. Igiya ko motsi. Gidiyon ya cire hula ya share ido, ya ce ƙura ce. Babu wanda ya yi tunanin gwada karen a kan hanya. Me za a gwada? Wanda ya iya gona ai ya iya duniya.

Ranar kasuwa aka sauke su daga mota a gindin tsamiya da hantsi. Labari ya riga su isa. An kawo wa mai unguwa kujera, Sa'idu ya jingina da bishiya, Hasana ta janye ƙorenta can nesa ta zauna a gabansu kamar kaza a kan ƙwai. Zipporah ta zo, ta bar Veronica a gida. Tsakiyar kasuwar fili ne mai tsawo, rumfuna dama da hagu, masu baza kaya a ƙasa sun cika shi, mahauta kuma can ƙurya.

Rabo ya tsaya a baya, inda mai garma ke tsayawa, ya kaɗa harshe.

Kofur ya ɗaga ƙafa kamar limamin da ya makara amma ba ya son a gane. Ya wuce mai ƙosai bai waiga ba. Kaza ta gilma ta gaban hancinsa, bai ce mata komai ba. Kasuwa ta yi tsit, sai ƙarar goron Gidiyon.

"Wanga ba shi ba ne," in ji Hasana. "Sun canzo wani."

Sun ci fiye da rabin fili, ana hango teburin mahauta, sai Kofur ya tsaya. Ya juya a natse, ya matsa taki ɗaya, ya kamo hanyar tsamiya. Gidiyon ba shi da zaɓi, in ya tsaya igiya za ta miƙe, sai ya juya shi ma. Suka dawo har gaban mai unguwa. Kofur ya sake juyawa, ya matsa taki ɗaya, ya koma. Daidai inda ya juya ɗazu, ya sake juyowa.

Rabo ya ƙirga takun a zuci. Tsawon gonarsa ke nan. Karen ya haddace ta.

A cikin 'yan kallo, wani dillalin awaki ne ya fara ganewa. "Jama'a," ya ce, "huɗa yake yi."

Kasuwa ta fashe. Mai ƙosai ta riƙe ciki, mai gishiri ya faɗi a kan buhunsa. Sa'idu ma sai da ya ajiye bindiga don ya ji daɗin dariyar.

"Sarkin noma," in ji Gidiyon ta gefen baki da suka zo gilmawa, "yaushe za mu isa?"

"A haka? Sai dai mu isa 'yan tukwane."

Mai unguwa ya share hawaye da hannun riga ya gyara murya. "Rabo, abin ya yi kyau, amma mahauta na ce. In bai isa ba, maganata na nan."

Dariyar ta ragu. Sa'idu ya ɗauki bindigarsa. Rabo ya dubi fili irin duban da yake wa gonar da aka ba shi kwangila, ya auna tsawonta da faɗinta da ido. Duk juyi, karen yana matsawa gefe taki ɗaya. To in gefen ya zama wajen mahauta fa?

"Hoo," ya ce. Kofur ya tsaya cak a gindin tsamiya. Rabo ya juya su suka fuskanci rumfunan dama, mahauta suka koma gefensu.

"Mi kake yi?" in ji mai unguwa.

"Ranka shi daɗe, ka ce daga tsamiya zuwa mahauta, igiya a sake. Ba ka ce a yi sauri ba. Gicciye za mu huɗe ta."

Ya kaɗa harshe. Kofur ya tafi har bakin rumfa, ya ɗauka shinge ne, ya juyo, ya matsa taki ɗaya wajen mahauta. Ya tafi rumfunan hagu, ya juyo, ya matsa wani.

Haka aka huɗe kasuwar Dutsin-Ma, wadda tun da aka kafa ta ba ta taɓa ganin garma ba. Duk wanda layi ya iso kansa sai ya kwashe tabarmarsa, a wuce, ya mayar. Masu barkono suka ɗaga, masu daddawa suka ɗaga, wanzami ya tashi da mutum rabin kai a aske. Wata tsohuwa ta bi bayan Rabo tana dangwala ƙasa da diddige tana jefa gero na gaske, ta ce ba za ta ga huɗa ta tafi a banza ba. Rana ta take. Zipporah ta riƙa bin mijinta da moɗa tana ba shi ruwa yana tafe. 'Yan kallo suka shanye nonon Hasana tas, har ta fara yi wa karen addu'a. Aka kira azahar, mai unguwa ya wakilta ƙanensa ya tsare igiya da ido, ya je ya dawo, ya iske an ci 'yan kunyoyi kaɗan.

"Rabo," ya ce, "na gani, na yarda. A tsaya haka."

"Ranka shi daɗe, ba a barin gona rabi. Gobe wani ya ce bai isa ba."

Wajen la'asar layin ƙarshe ya faɗo daidai gaban teburin Mahmuda, wanda bai manta cinyar ragonsa ba. Ya ɗauko wani tumbi mai maiƙo, ya sako shi ta bakin tebur yana lilo, yana kallon sama kamar ba ruwansa.

Kofur ya rage tafiya. Kunnen nan na kwance ya miƙe. Tun safe bai ci komai ba. Wuyansa ya fara karkata, igiyar da ta wuni tana lilo ta fara tashi sannu a hankali, cikinta na raguwa. Gidiyon ya daina tauna goro. Sa'idu ya miƙe tsaye.

Rabo ya san tsawa ba za ta yi ba, kaɗa harshe ma ba zai yi ba. Abu ɗaya ne karen nan yake jin tsoro a duniya, shi kuma yana Ɗantutture a turke. Sai Rabo, magidanci mai 'ya'ya da furfura a gemu, ya duƙa a tsakiyar kasuwa, ya dafa gwiwoyi, ya cika ƙirji da iska, ya yi hucin Alƙali. Har ƙura ta tashi.

Kofur ya yi atishawa, ya sunkuyar da kai, ya wuce tumbin. Igiya ta koma ta kwanta. A ƙarshen teburin Rabo ya ce, "Hoo," da 'yar muryar da ta rage masa.

Mai unguwa ya tashi yana dafa ƙugu. "Sa'idu, tafi gida. Malam, karenka ya sha. Amma don Allah kada ka sake kawo shi kasuwa, ba mu da wunin." Ya juya ga Mahmuda. "Kai kuma, tumbin da ka yi mashi tayi, ba shi abinshi."

Daga baya Gidiyon ya gano dabara. In sun kusa tsawon gonar Rabo, sai ya ce hoo, ya ba Kofur ɗan ƙuli-ƙuli, su sake tashi kamar sabuwar gona. Da haka suke zuwa coci, da haka suke zuwa ofis, har mutanen unguwar suka koma auna nisa da shi. Ka tambayi ina tasha, a ce maka ba nisa, gonar Kofur uku ce.

Rabo kuwa, abin da ya samu shi ne suna. Har bayan an ba Katsina jiharta, in ya shigo Dutsin-Ma sayen bakin garma, sai ya ji huci daga wata rumfa, ya waiga, kowa ya duƙufa a kan aikinsa. An kawo masa wani karen, an kawo masa biri, wani direba ma ya kawo masa ɗansa. Duk ya ce ya rufe makaranta. Maganar kura kuma bai sake yin ta ba, don ya lura a ƙasar nan akwai masu iya nemowa.

Ɗalibi ɗaya ne bai iya kora ba. Duk shekara in ruwan farko ya sauka, Kofur sai ya ƙi cin abinci, ya tsaya a bakin ƙofa yana kuka, har sai Gidiyon ya sa shi a mota ya kai shi Ɗantutture. Ko bayan Alƙali ya mutu, gemun Kofur ya yi fari, yana nan a gefen karkiya, ba igiya ba komai, yana harar sababbin bijimai in sun fita layi. Turai ta ce ita har yanzu ba ta yarda da kare a gidanta ba. Sakainar dai ta ƙarasa fashewa tuntuni, ta sayo masa kwano.